Mutum-mutumin tsokoki na roba: ya biya kuɗinsa, sai dai bayan ƙafa

Ina karatun gashin ƙashi, kuma haddar inda kowace tsoka ta taso da inda ta maƙale ta daɗe tana wahalar da ni. Shi ya sa na sayi wannan mutum-mutumin roba da ake ciccire tsokokinsa.

Hannun kam an yi aiki. Kana ɗaga ƙwanji za ka ga kawunansa 2 sun taso daga allon kafaɗa, sun haɗu, sannan jijiyar ta sauka ta kama ƙashin rediyos, wato ƙashin hannu na ɓangaren babban yatsa, a ƙasan gwiwar hannu. Da na bi ta da yatsa na gane dalilin da ƙwanji ke lanƙwasa hannu, ya kuma juya tafin sama, kamar mai karɓar canji. Zanen littafi bai taɓa nuna min haka ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne sha-raɓa. Tsokar tana tasowa ne daga ƙarshen ƙashin cinya, ta bi agara zuwa diddige, shi ya sa take lanƙwasa gwiwa ma. Masu ƙera shi kuwa sun manne ta, ba a ganin mafarinta. Lambobin jikinsa ma suna gogewa da gumin hannu, sai da na rufe su da salatif.

Ɗalibi ya saya, amma ya ajiye littafi kusa saboda ƙafar.