Littafin haruffa ko na labarin Sallah: wanne za a fara saya wa yara?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, hidimar gida ce ta hana ni amsawa sai yanzu. Kin ce yaranki biyu, 'yar shekara 3 da ɗan shekara 6, ga azumi ya ƙarato, kuma abin da kika ware ba zai wuce kuɗin littafi biyu ba. Kina so ki san wanne ya fi, masu hoto na koyon haruffa da ƙidaya ko masu labarin azumi da Sallah. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya, na kuma raini nawa, to bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Da farko dai aikinsu ba ɗaya ba ne. Littafin koyo ɗan'uwan allo ne: shafi guda, harafi guda, hoto guda. Ki nuna, ki faɗa, yaro ya maimaita. Ba ruwansa da lokaci, rani da damina duk ana buɗe shi, in babba ya gama ƙarami ya gada. Sai dai ba ya riƙe yaro. 'Yar shekara 3 za ta buɗe shafi huɗu, ta ga babu abin da ya faru da akuyar nan da ke shafin farko, ta ajiye ta kama gabanta. Littafin biki kuwa ɗan'uwan tatsuniya ne. Akwai wanda ake bi a cikinsa, akwai "sai kuma me ya faru?", kuma wannan tambayar ce ke zaunar da yaro a cinyarki. Matsalarsa ita ce kasuwarsa ta wata ɗaya ce. Bayan Sallah da mako biyu sai ki tarar da shi a ƙarƙashin katifa, ba mai neman sa sai wani azumin.

Yanzu bari in daɗe kan na koyo, don nan aka fi yin asarar kuɗi. Yawancin waɗanda za ki gani a shimfiɗe a kasuwa na Turanci ne, harafin farko tuffa, can gaba ɗakin ƙanƙara da jakin dawa. Yaro zai haddace su tsaf kamar waƙa, ki yi ta murna, amma rufe hoton da tafin hannunki ki ce ya karanta, sai ya tsaya yana kallon ki. Hausa kuwa kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu, ya riƙe ka, ke, ki, ko, ku, ba da jimawa ba zai haɗa "baba" da "keke" da kansa, kuma ranar da ya yi hakan za ki ga fuskarsa ta canza. Wannan hanyar ta gaɓa-gaɓa ce aka bi da mu a Ka Koyi Karatu na Zariya, ita ce kuma shirye-shiryen koyar da karatu na baya-bayan nan suka koma wa, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, inda aka fara wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare da Hausa. Kada ki ji tsoron Turancinsa zai lalace. Wanda ya gane yadda harafi ke zama sauti a harshen da yake mafarki da shi, ya riga ya ci rabin hanya in ya je wani harshen.

Amma na Hausar ma sai kin duba. Na taɓa sayen wani ƙaramin littafin launuka, ban buɗe shi a shagon ba don ina sauri. Da muka zauna da ɗana bayan magariba, muka iso shafin da aka zana baƙin takalmi, sai ya karanta abin da ke ƙasa: "baki". Ya taɓa leɓensa, ya dubi takalmin, ya dube ni. Ashe duk littafin babu lanƙwasa ko ɗaya, ɗaki ya zama daki, ƙafa ta zama kafa. Da biro na bi shafi-shafi ina gyarawa. Saboda haka kafin ki ba da kuɗi, nemi ɓ, ɗ da ƙ. In babu su, mayar masa da kayansa. In kuma littafin daga Nijar ya zo, kada ki ɗauka kuskure ne in kin ga ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Tsarin rubutunsu ke nan, ki dai bayyana wa yaron.

Na biki kuma tasu matsalar daban ce. Masu kyan takarda da launi, waɗanda ake kawowa daga Ingila ko Indiya, azumin wasu mutane suke nunawa. Za ki ga fitilun da ake ratayewa a Masar, da kyaututtuka a naɗe cikin akwatuna masu ƙyalli. Ba laifi ba ne yaro ya san haka wasu ke yi, har ma yana da amfani. Amma babu kunun tsamiya da ƙosai a wurin buɗa-baki, babu 'yan tashe da gemun auduga suna bin gidaje bayan goma ga wata, babu lalle a daren jajibiri, babu goron Sallah, babu dawakin hawan daushe, alhali a 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Maƙwabciyata Kirista ita ma kukanta ke nan: littattafan Kirsimeti duk dusar ƙanƙara da tsoho mai jajayen kaya, ita kuwa yaranta ƙurar hunturu da shinkafa da kaza suka sani. In kin yi sa'a kin samu wanda ya zana yara irin naki, da hula da ɗankwali, suna bin uba zuwa filin idi, kada ki tsaya dogon ciniki. In ba ki samu ba, sayi na wajen, ki bar rubutun, ki ba da labarin da Hausa daga hotunan, kina tambayar su, "Mu a gidanmu me muke sha in an kira salla?"

Akwai wani abu da ya shafi na biki kawai, kuma ba a cika lura da shi ba sai an kawo littafin gida. Wasu suna ɗauke da ayoyi da Larabci. 'Yar shekara 3 kuwa littafi a wurinta abin wasa ne: za ta ja shi a ƙasa, ta zauna a kai, ta shiga da shi inda bai kamata ba. Ko dai ki zaɓi marar ayoyi ya zama nata, ko ki ajiye mai ayoyin a sama, ki riƙa sauko da shi lokacin karatu. In kuma labarin annabawa ne a ciki, bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ki tabbata ba a zana su ba.

Batun ƙarko gajere ne. Na ƙaramar ya zama mai shafukan kwali masu kauri, don yawu da yaga. Wanda aka ɗinke da ƙarfe a tsakiya, ki shafa da yatsa ki ji ko bakin ƙarfen ya fito.

To, da ni ce ke, ga yadda zan raba kuɗin. Babban zan saya wa na koyo, na Hausa, mai gaɓoɓi da gajerun jimloli, domin shekarunsa sun kai, kuma zai yi masa aiki shekara guda cur. Ƙaramar ba ta da buƙatar harafi tukuna, kalmomi take buƙata da zama kusa da ke, don haka na labarin Sallah ne nata, kuma za ki ga yayan ya matso shi ma. In kuɗin ya gaza sai ɗaya tilo, ɗauki na labari. A cikinsa za ki iya ƙirga raguna, ki tambayi launin rigar liman, ki sa babban ya nemo miki duk "s" da ke shafin. Littafin haruffa ba zai taɓa ba ki labari ba, komai matsa shi.

Sauran giɓin kuma waya za ta iya cike shi. Shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library duk suna da littattafan yara masu hoto da Hausa, kyauta. Ki fara karantawa ke kaɗai, don wasu fassarar tasu ta yi tsauri, ba haka muke magana ba. Wanda ya yi miki, kai shi shagon buga takardu a fitar miki, a rufe shafukan da leda. Ya fi ki miƙa musu wayar, don kin san daga littafi ina za su zarce.

In Sabon Gari za ki, ki tafi da babban, ki tsame guda uku da kika yarda da su, shi ya zaɓi ɗaya a ciki. Ƙaramar dai a bar ta gida, in ba haka ba kuɗin littafin a wurin mai balan-balan zai ƙare.