Agogon zamani ko na'urar dantse: wanne ya dace da buƙatarka?

Duk wanda ya bi ta shagunan waya na titin Ahmadu Bello ko kewayen Taminus a nan Jos ya ga yadda agogon zamani ya cika gilasai. Mai shago zai ɗaura maka shi, ya nuna maka bugun zuciya da hawan jini da iskar da ke cikin jini, har da suga, duk a fuska ɗaya. Ba kowa ke saye don gayu ba. Wani Baba zai kai wa saboda hawan jini, wata kuma likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki. Irin waɗannan masu saye ne suka fi damuna, domin lambar da suka gani a hannu da ita za su yanke shawara a kan lafiyarsu.

Juya agogon ka dubi bayansa, za ka ga koren haske yana ƙyaftawa. Hasken nan fata yake ratsawa, jini ya shanye wani, sauran ya dawo, daga nan agogon ke lissafa bugun zuciya. A ciki kuma akwai 'yar na'ura mai jin motsi, ita ke ƙirga taku, ta kimanta barci. Nan ne ƙarfinsa yake. Ko a nan ma sai da lura: jijjigar Keke a kan hanya mai ramuka, ko daka a turmi, agogo na iya rubuta su a matsayin tafiya.

Maganar suga gajeriya ce. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke ikirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya dogara da irin wannan lamba zai iya ƙara magani ko ya rage ba bisa ƙa'ida ba, abin da kan kai mutum ga suma. Abin saye shi ne na'urar da ake ɗiga mata jinin yatsa, irin su Accu-Chek. Kafin ka biya, tambayi kuɗin tsinken gwajinta da ko ana samunsa a kemis ɗin unguwarku, don na'urar sau ɗaya ake saye, tsinken kuwa kullum ne. Mai hali yana iya duba FreeStyle Libre, wanda ake mannawa a bayan dantse ya yi kwana 14 yana aunawa, sai a cire a sa sabo. Shi ma akwai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, shi ya sa yake aiki.

Hawan jini ne inda aka fi ruɗar mutane. Awo na gaskiya yana buƙatar a matse jijiya sannan a sassauta, abin da ɗamarar nan mai kumbura ke yi a asibiti. Agogo mai arha ba ya matse komai, hasashe yake yi daga haske, shi ya sa za ka ga kusan kullum lambarsa na zagaye 120 bisa 80. Ko Galaxy Watch na Samsung, wanda da gaske aka yi aikinsa, sai an daidaita shi da na'urar dantse, wato mai wannan ɗamarar, duk bayan mako 4, kuma sai da wayar Samsung. Huawei Watch D ya bi wata hanya, an saka masa 'yar jakar iska a cikin maɗauri, amma tsadarsa ta ninka ta na'urar dantse. Don haka idan Baba ko Mama za ka saya wa, ni shawarata ita ce na'urar dantse mai batir, irin ta Omron, kuma ka auna kaurin dantsen kafin ka tafi kasuwa. Ɗamara ƙarama a babban hannu tana ɗaga lamba, mai faɗi da yawa kuma tana sauke ta. A zauna minti 5 a huta, bayan a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, babu magana, sannan a danna. A rubuta safe da yamma a littafi. Idan lambar tana yawan kai wa 140 bisa 90 ko ta haura, a ɗauki littafin a kai wa likita. Wannan littafin ya fi wa likita amfani fiye da duk zanen da ke cikin waya.

Wanda kuwa lafiyarsa ƙalau, so yake ya san yawan tafiyarsa da barcinsa, ba sai ya kashe kuɗi mai yawa ba. Siririn abin hannu irin Xiaomi Smart Band, ko agogon Oraimo, ya wadatar, kuma cajinsu yana kai mako guda ko fiye. Kada a raina wannan a garin da wuta ke zuwa ta tafi. Apple Watch na yau da kullum kusan kowace rana yake son caji, kuma da iPhone kaɗai yake aiki, yayin da Galaxy Watch daga na 4 zuwa sama da Android kaɗai yake tafiya. Abin da manyan suka fi ƙananan da shi shi ne gwajin wutar zuciya da ake kira ECG, wanda Apple ya fara sakawa a 2018, mai iya nuna alamar bugun da ba ya tafiya daidai. Sai dai kamfanonin ba a kowace ƙasa suke buɗe wannan aiki ba, saboda haka ka sa mai shago ya gwada maka a gabanka. Masu hawan duwatsun Shere ko gudun asuba ta wajen Rayfield su nemi mai GPS a jikinsa, a nan Garmin ya yi suna. Zobe irin Oura yana da daɗin kwana da shi, amma akwai kuɗin wata-wata bayan kuɗin saye.

Taku 10,000 da agogo ke matsa maka a kai, asalinsa tallan wani kamfanin Japan ne a shekarun 1960. Dattijon da ya yi ƙasa da haka kada ya ɗauka bai yi komai ba.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana rage gudun jini a fatar hannu, sai awon haske ya riƙa ɓata, musamman da sassafe. A ɗumama hannu, a ɗaura agogon ya kama sosai sama da ƙashin wuyan hannu. Na biyu launin fata. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar auna iskar jini ta yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Na asibiti ke nan, balle agogo. Wanda numfashi ke yi wa wuya ya tafi asibiti, ko da agogo ya nuna iskar jininsa ta kai kashi 98 cikin ɗari.

Sai maganar sirri. Manhajar agogo tana tara nauyinka, barcinka, hanyar da kake bi, ga mata har da kwanakin al'ada. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma manhajar da ba a san mai ita ba, wa za ka kama? A 2018 taswirar Strava, manhajar da ke rubuta hanyar da masu gudu suka bi, ta fallasa sansanonin soja ta hanyar gudun da sojoji ke yi. Idan manhaja ta nemi lambobin wayarka da hotunanka don ta ƙirga taku, hana ta.

A shago, sa yatsa biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugunka na minti ɗaya, ka kwatanta da na agogon. Hau bene ka sauko ka ga ko lambar ta tashi. Duba ko an rubuta IP68 ko 5 ATM, alamar jure ruwa, saboda alwala. Idan Apple Watch na hannu ne, tabbatar mai shi na farko ya cire asusunsa, in ba haka ba zai kulle ba zai buɗu ba. Ka zaga shago biyu ko uku kafin ka yi ciniki, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin garanti.