Gyaran fayilolin JCL da yawa a lokaci guda: wace hanya ta dace da mai aiki daga ƙauye?

Wanda yake zaune a Ringim ko Rano yana yi wa wani kamfani aiki a babbar kwamfutar IBM mai z/OS ta intanet, wata rana za a ce masa: ga PDS, wato jakar da ke tara fayiloli a babbar kwamfutar, mai ɗauke da ɗaruruwan fayilolin JCL, wato rubutun umarnin da ke gaya wa kwamfutar aikin da za ta gudanar, a mayar da CLASS=A zuwa CLASS=B, amma sai a ayyukan da suke kiran PGM=SORT. Bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu ba mai yiwuwa ba ne. Kafin a zaɓi kayan aiki, a fara tambaya: idan sabis ya yanke ko batirin sola ya mutu ana tsakiyar gyara, me zai sami fayilolin?

In bincike kawai ake so, babu abin saye. Zaɓi na 3.14 a ISPF, wato manhajar da ake duba fayiloli da gyara su da ita a z/OS, yana lalubo kalma a duk fayilolin PDS, ana kuma iya tura shi ya gudana da kansa ta shirin ISRSUPC. Sai dai nunawa kawai yake yi, ba ya gyara.

Mu dai yaren shirye-shirye na REXX haɗe da umarnin ISREDIT, wanda yake sarrafa editan ISPF, muka fi ba da shawara, don yana zuwa tare da z/OS, ba a ƙara ko kwabo. Rubutu biyu ake yi. Na farko ya buɗe PDS da LMINIT da LMOPEN, ya bi sunaye da LMMLIST, ya kira EDIT a kan kowane fayil. Na biyu ya yi FIND 'PGM=SORT'; in ya dawo da 0 an samu, sai ya yi CHANGE ya adana, in ya dawo da 4 ya yi CANCEL. A tura rubutun farkon ƙarƙashin IKJEFT01 da ISPSTART, don ya gudana da kansa a babbar kwamfutar. Da zarar aikin ya shiga layi, ko wayarka ta mutu zai kammala a can.

A nan ne kuma tarkon yake. CLASS=A yana cikin MSGCLASS=A, saboda haka in ba a saka WORD a umarnin ba, za a canza duka biyun. Sannan layin JCL gurbi 80 ne, amma umarni yana tsayawa a na 71, na 72 na alamar ci gaba ne, 73 zuwa 80 na lambobin jeri. Idan sabuwar kalma ta fi tsohuwa tsawo, ko rubutu ya tsallaka iyaka, ko CHANGE ya dawo da 8, wanda ke nufin akwai layin da bai gyaru ba. A kafa BOUNDS 1 71, a kuma sa rubutun ya fitar da sunan duk fayil ɗin da ya ba da 8. Layukan sharhi masu farawa da //* da bayanan da ke bin DD * su ma a tsallake su, domin ISREDIT bai san JCL ba, haruffa kawai yake gani.

Matasa sun fi son Zowe CLI, manhajar da ke haɗa laftof da babbar kwamfutar, tare da yaren Python, tun da Zowe kyauta ne kuma yaren sun riga sun saba da shi. Zowe yana buƙatar a kunna z/OSMF, wato ƙofar da yake shiga babbar kwamfutar ta ita, sannan a sauko da fayiloli, a gyara, a mayar. Mayarwar ce abin tsoro a inda sabis ke rawa: rabi sun hau, rabi ba su hau ba. Ga kuma juya haruffa daga EBCDIC, tsarin haruffan babbar kwamfutar. In an rikita nau'o'insa IBM-037 da IBM-1047, alamar ¬ da ake sawa a sharaɗin IF tana iya komawa wani abu. Wasu bankuna ma ba sa yarda fayilolinsu su sauka a laftof ɗin gida. In dole sai Python, a tambaya ko an girka ZOAU, kayan aikin IBM, wanda dgrep da dsed ɗinsa suke aiki a kan babbar kwamfutar kanta.

Na kuɗi su ne File Manager na IBM da File-AID na BMC. Sun san tsarin JCL, suna iya karya layin da ya yi tsawo su ci gaba a na ƙasa, abin da a REXX sai ka rubuta da kanka. Lasisinsu na kamfani ne, mutum ɗaya ba ya saye. In akwai shi a wurin aikinka, yi amfani da shi. In babu, gyaran lokaci ɗaya bai kai a nemi a sayo ba.

Kowanne aka ɗauka, a fara kwafe PDS ɗin da IEBCOPY, a gwada a kan kwafin, a gwama tsoho da sabo da SuperC a zaɓi na 3.13, sannan a tura kaɗan daga ciki da TYPRUN=SCAN, wanda yake duba nahawun JCL ba tare da ya gudanar da aikin ba.