Kwas ɗin akanta na onlayin: karatun ya yi, amma ba da mu aka yi lissafin tsara shi ba

In taurari biyar ake bayarwa to ni uku da rabi zan ba kwas ɗin nan, rabin ma albarkacin malamar ne. Kwas ne na matakin farko na ilimin akanta, wata kwaleji ce a Amurka take bayar da shi ta intanet, irin kwalejojin nan na shekara biyu da yaransu ke fara shiga kafin su wuce jami'a. Zango ɗaya ake yi, kowane sati babi guda da bidiyo da aikin gida da ɗan gwaji, sai jarrabawa a tsakiya da kuma ta ƙarshe. Ni harkar atamfa da leshi nake a Kwari, shagon kawuna nake riƙe masa, kuma ba takarda na je nema ba, so nake in gane inda kuɗin shagon ke shiga don ciniki ake yi wlh amma in ƙarshen shekara ya zo sai ka rasa ina ribar ta maƙale.

Satin farko abu ɗaya suke ta dannawa har sai ya zauna maka: duk abin da shago ya mallaka daidai yake da bashin da ake bin shagon a haɗa da jarin mai shi. Shi kenan fa, duk sauran babukan a kan wannan aka ɗora su. Daga nan sai rubutu sau biyu, wato kowace harka sai ta taɓa wuri biyu a littafi, ka saro dila a bashi kayan sito sun ƙaru bashin da ke kanka ma ya ƙaru, ka biya kuɗi sun ragu bashi ya ragu. Malamar ta ce wani malamin coci ɗan Italiya Luca Pacioli ne ya fara buga bayanin tsarin a littafi a 1494 a birnin Benis, kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, abin da 'yan kasuwar can suke yi ne ya rubuta. Wannan ya burge ni gaskiya, ashe abin daga kasuwa ya fito ba daga aji ba.

Inda kowa ke rikicewa shi ne debit da kiredit, wato ɓangarori biyun da ake rubuta kowace harka a littafi, mu nan kuma rikicin namu ya fi yawa saboda alat ɗin banki. Mun saba kiredit alat murna debit alat baƙin ciki, sai ka zo aji a ce in kuɗi sun shigo maka debit zaka yi. Dalilin dai alat daga littafin banki yake fitowa ba naka ba, kuɗin da ka ajiye bashi ne a wuyan bankin shi ya sa suke rubuta shi a ɓangaren kiredit, kai kuma a naka littafin kadara ce. Malamar ta yi bidiyo guda a kan wannan kawai, da alli da allo ba wani ƙyale-ƙyale, kuma shi ne bidiyon da ya fi kowanne amfani a kwas ɗin.

Amma abin da ya biya ni kuɗina shi ne babin da ya raba riba da kuɗin da ke durowa. Mu a kasuwa in an tashi da yamma durowa ake dubawa, in ta cika an yi ciniki in ba ta cika ba sai a ce yau kasuwa sai a hankali. Su kuwa cewa suke ciniki ranar da kaya suka bar hannunka ake rubuta shi ko an biya ko ba a biya ba, kashe kuɗi ma a watan da aka ci amfaninsa ake lissafa shi. Kaga kuɗin hayar shago da muke biya na shekara gaba ɗaya, ba watan da aka biya ne zai ɗauki nauyin duka ba, raba shi ake gida 12. Janareto ma haka, a ce ka saye shi 600,000 kana sa ran zai yi maka shekara 5, to duk shekara 120,000 yake ci, duk wata 10,000, ko ka ga kuɗin sun fita ko ba ka gani ba. Sai kuma bashin da muke bin kwastomomi, wanda a Kwari shi ne rabin sana'ar, masu zuwa daga ƙauyuka da Nijar da Chadi su ɗauki kaya sai sun sayar su kawo. Kwas ɗin ya ce ka jera basukan nan bisa daɗewarsu, na wata ɗaya daban na wata uku daban wanda ya haura haka daban, sannan ka ware wani kaso ka ɗauka cewa ba zai dawo ba tun kafin ya tabbata. Kawu da na nuna masa wannan cewa ya yi wannan ai mugun fata ne ga mutane, amma da muka jera ɗin shiru ya yi, don akwai sunayen da suka shekara biyu a littafi muna ƙirga su a cikin dukiya.

Babin kayan sito ma ya taɓa mu sosai saboda yadda farashi ke tashi. Misali ka saro turmi 10 a kan 12,000 kowanne, bayan wata ka ƙaro 10 irinsu a kan 15,000, sai ka sayar da 10 a kan 17,000. In ka ɗauka na farkon ne suka fita ribarka 50,000, in ka ce na ƙarshen ne 20,000, in ka haɗa ka raba tsakiya 35,000. Ciniki ɗaya riba kala uku. A nan na gane yadda mutum zai ga riba a takarda ya cire ya yi hidima da ita, ya koma saro kaya ya tarar kuɗin ba za su dawo masa da adadin da ya sayar ba. To amma a nan ne kuma matsalar kwas ɗin ta fara fitowa, an ɓata lokaci mai yawa a kan tsarin nan na cewa kayan ƙarshe su suka fara fita, alhali a Amurka kawai ake ta'ammali da shi sosai, ƙa'idojin IFRS, wato na akanta na ƙasa da ƙasa, da Najeriya ta fara bi tun 2012 sun hana shi. Ba su faɗa ba sai a wani ɗan akwati a gefen shafi. Haka babin albashi, duk harajin Amurka ne da fom-fom ɗinsu, haraji a kan ciniki ma nasu na jihohi ne, VAT ɗinmu na kashi 7.5 da aka fara a 2020 ko ambatonsa babu. Ɗan Maradi ko Garwa ko Injamena kuwa nashi ya fi nisa, don su tsarin OHADA suke bi, wato na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka kan dokokin kasuwanci, mai jerin lambobin asusu nashi na daban.

Akwai babi a kan tsare dukiya daga ha'inci, sun kawo labarin kamfanin Enron da ya rushe a 2001 da dokar da aka yi a 2002 saboda shi. Ƙa'idar mai kyau ce, wanda ke riƙe kuɗi kada ya zama shi ke rubuta littafi. Sai dai je ka faɗa wa ɗan yayarka da ke zaman shago haka ka ga yadda maganar zata isa gida kafin kai.

Yanzu injin aikin gida, Allah ya isa tsakanina da shi. Kwamfuta ce ke maki ba mutum ba, kuma kamar dogarin sarki take, ba ta jin bayani. Lissafinka daidai amma ka sa waƙafi inda ba ta so ko ka zaɓi sunan asusu mai kama da wanda take nema, ta ja maka jan layi, in kuma lamba ɗaya ta kuskure a sama duk na ƙasa sun tafi. Abin haushin ma kuɗinsa daban ne, bayan kuɗin makaranta sai ka sayi wata lambar shiga da ke mutuwa in zango ya ƙare, littafin ma ya rufe da ita. Duk da dala ake biya, kuma kowa ya san abin da dala ta zama tun daga tsakiyar 2023, ga wahalar samun katin da zai wuce. Wanda karatun kawai yake so, OpenStax na jami'ar Rice suna da littafin matakin farko na akanta kyauta a intanet, kusan babukan ɗaya ne.

Lokaci ma sai ka yi hattara. Aiki yana rufewa 11:59 na daren Lahadi agogon gabashin Amurka, wanda a nan 4:59 na asubar Litinin ne, in sun juya agogonsu a Nuwamba ya koma 5:59, a Maris ya sake dawowa. Jarrabawa kuma da kyamara a kunne ake yi, sai ka zagaya da ita ɗakin an gani, ba a son wani ya shigo ba a son hayaniya, in netwok ya yanke a tsakiya sai ka koma rubuta wasiƙar roƙo. A gidan yawa irin namu da yara da 'yan NEPA, dole ka nemi wuri mai sola ka kulle ƙofa. Malamar dai ba laifi tana da fahimta, tana amsa imel kuma ba ta wulaƙanci, amma ita ma ba ta da iko da injin.

Babin bashi mai ruwa suna koyar da lissafinsa kamar kowane lissafi, kada ka sa ran jin komai kan murabaha, wato sayar da kaya da ribar da aka amince a kai maimakon ruwa, ko irin harkar bankin Jaiz. Abin da ban zata ba shi ne takardar da ke jera kadara da bashi ta sauƙaƙa mana lissafin zakka, don kaya da kuɗi da basuka duk ga su a shafi ɗaya kafin a fitar da ɗaya cikin arba'in. Sai dai littafin akanta da farashin sari yake rubuta kaya, malamai kuma da ƙimarsu ta ranar fitarwa suke cewa a yi, don haka kada ka kwafi lambar kai tsaye, ka kai wa malaminka ya duba.

Takardar da suke bayarwa kuwa shaidar kwas ɗaya ce kawai, ba ta mai da kai akanta a Najeriya. Mai son aikin ofis ko ya sa hannu a littafin kamfani hanyar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, zai bi, ICAN ma suna da matakin ATS na masu farawa daga sakandare, mai son digiri daga gida kuma NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, na da cibiyoyi a jihohi kuma da naira zai biya. Kuma dan Allah kada wani ya yi rijista da waya kaɗai, teburan aikin gidan ba sa buɗewa da kyau a ƙaramin allo kuma manhajar jarrabawar sai a laftof, in baka da ita ka fara aro ko saye tukuna kafin ka tura musu dalarka.