Sharhina kan kit ɗin gwajin ruwan tankin kifi, irin mai ɗigo

Salam jama'a, musamman masu ajiye kifin ado a gida a nan Accra. Ina so in faɗi abinda na gani da kit ɗin gwajin ruwa, irin mai ƙananan kwalabe da ake ɗigawa a ruwa a duba kala, ba mai tsinken takarda ba. A wajena ya ci kuɗinsa, amma fa ba magani bane, wanda ya saya da tunanin zai gyara mai ruwa zai ji haushi, aikinsa kawai ya gaya maka abinda ke cikin ruwan.

Tankina lita 60 ne a falonmu a Mamobi, gupi da moli, wasu ƙananan kifin ado, ne a ciki. Kun san waɗannan ba ƙwai suke yi ba haihuwa suke, gupi kuwa kusan duk wata sai ta sauke, to kafin ka ankara tankin ya cika maƙil. Sai na fara ganin da asuba sun taru a saman ruwa suna haɗiyar iska, wasu sun daina cin abinci, ana tsintar gawa ɗaya ɗaya, alhali ruwan garau yake ba wari ba komai. Shawara kam na sha ta, wannan yace zuba gishiri, wancan yace shuɗin maganin nan, wani ma yace kwashe komai ka wanke da sabulu. Mai shagon da nake sayen abincinsu ne yace Alhaji kar ka zuba komai sai ka auna ruwan tukuna, shi ya kawo min kit ɗin.

Abu huɗu yake aunawa, pH (ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa) da amoniya da naitirait (NO2 a jikin kwalbar) da naitiret (NO3). Akwai ƴan kwalaben gilashi masu layi a mililita 5, ka ɗebi ruwan tanki zuwa layin ka ɗiga maganin ka jira minti 5 (banda pH da ake dubawa nan take) ka kara da katin kala. Amoniya in babu rawaya take fitowa, tawa ta koma koriya wajen 1 ppm (ma'aunin yawan abu a cikin ruwa, kashi ɗaya cikin miliyan). Naitirait ya kamata ya zama shuɗi mai haske, nawa ya tafi shunayya. Naitiret kuma ja sosai. A nan na gane ido baya ganin wannan matsalar ko kaɗan.

Ga yadda abin yake. Kifi na fitar da amoniya ta gefen wuyansa inda yake numfashi da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta da tsakuwa, su suke juya amoniya zuwa naitirait, sannan a juya naitirait zuwa naitiret wanda gubarsa ba ta kai na biyun farko ba kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Amoniya da naitirait sifili ake so, naitiret kuma kar ya wuce 40 ppm, in ma ƙasa da 20 ne yafi. To in kifi sun fi ƙarfin filta kamar gidan haya ne da aka cika da mutane bayi ɗaya, dole a ga ɓarna. Naitirait ɗin nan shi yafi bani tsoro, shiga jinin kifi yake ya hana shi ɗaukar iskar shaƙa, shi yasa zaka ga famfon iska na ta aiki amma kifin na haki.

Mu kuma a nan muna da namu ƙarin. Zafi, musamman wajen Maris, ruwa mai ɗumi baya riƙe iska da yawa kuma amoniya ta fi cutarwa in ruwan ya yi ɗumi ko pH ya hau. Sai ɗauke wuta, in filta ta tsaya awanni bakteriyar nan basa samun iska, kifin kuma basu daina kashi ba. Na auna washegarin wani dare da muka kwana ba wuta na ga naitirait ya sake ɗagawa, shi yasa na nemi ƙaramin famfon iska mai batir. Da ba kit ɗin bazan haɗa waɗannan biyun ba.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba, auna ruwan da kake zubawa. Yau ruwan famfo gobe na motar tanka da aka juye a politank (babban tankin roba na ajiye ruwa), wani gidan kuma borhol, ba ɗaya suke ba. Ka auna tun a bokiti ka san da me kake canjin. Lokacin hunturu ma da ruwa ke saurin ƙafewa, ciko kawai baya rage naitiret, ruwa ne ya tafi ya bar dattin, sai ka zuƙe tsohon ka zuba sabo.

Abinda ya gyara tankin kuwa, canjin kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum da maganin kashe kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo) har kalolin suka dawo rawaya da shuɗi, na rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, soson filta a ruwan da na zuƙo daga tanki nake matse shi dan kulorin ɗin famfo kashe bakteriyar yake. Amma gaskiya lambobin basu zauna ba sai da na rabar da kusan rabin kifin ga ƴan uwa a Nima da Madina, na kuma raba maza da mata. Ya yi min wuya wallahi dan yara sun saba da su, amma kit ɗin duk sati abu ɗaya yake nuna min, tankin bazai ɗauke su ba.

Inda bai gamsar dani ba. Katin kalar yana wahalar karantawa da dare, koren 0.25 da na 0.5 sai ka fita tsakar gida da rana ka kara da farar takarda. Gwajin naitiret kuma yana da rigima, kwalba ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 sannan gilashin minti ɗaya, in ka yi sanyi sanyi zai baka lamba ƙasa da gaskiya ka ɗauka lafiya lau. Gilasan basu da ƙwari, kuma baya auna kulorin wanda mu masu ruwan famfo muke buƙata. Maganin ma ba na wasan yara bane, a sama nake ajiye shi.

Mai kifi biyu uku a babban tanki zai iya haƙura da na tsinken takarda. Amma mai gupi ko moli ko golfish da yawa ya saya, kuma ya duba kwanan ƙarewar aiki a jikin kowace kwalba kafin ya tura kuɗi ta MoMo, dan kayan nan daga waje ake kawo su kuma suna iya daɗewa a shago.