Kwalkwalin Oirat da na saya a Almaty

Na daɗe ina sha'awar kwalkwalin mayaƙan Oirat, wani reshe na Mongolawa da suka kafa daular Jungar a tsakiyar Asiya a ƙarni na 17, suka yi ta gwabzawa da maƙwabtansu, al'ummar Kazak, har zuwa lokacin da dakarun Sin suka rusa daular a shekarun 1750. Saboda haka da na samu wani maƙeri mai ƙera irinsa a birnin Almaty na ƙasar Kazakistan, ban yi wata-wata ba na saya.

Ƙirar ce ta fi burge ni: faranta huɗu na ƙarfe aka haɗa da ƙusoshi, aka rufe mahaɗarsu da siraran ƙarafa masu haƙora kamar na zarto, sannan aka kafa bututu a tsororuwa, inda ake soka gashin tsuntsu. Idan mutum ya shafa cikinsa da yatsa yana jin sawun guduma, shaidar cewa aikin hannu ne. Rubutun ruwan zinariya da ya zagaye goshi ya kwanta sosai, kuma haruffan addu'o'in Buda ne, domin Oirat mabiya addinin Buda na Tibet ne, saɓanin Kazak musulmi, waɗanda ke kiran nasu kwalkwalin duliga.

Ƙorafina a kan mayafin wuya yake. Maimakon yadi mai kauri da aka jera wa ƙananan ƙarafa daga ciki, fata mai laushi aka sa, kuma ɗinkin ya fara warwarewa cikin wata biyu. Na rubuta wa maƙerin, ya amince zai aiko da sabo.