Haƙorin Tangaran a Wuya: Sarƙar da Na Saya a Tsohuwar Jidda

A lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014, akwai wani ɗan shago da ke sayar da kayan ado na tangaran, waɗanda ba su yi kama da abin da muka saba gani a kasuwar gwal ba. Abin da aka jera a kan baƙin ƙyalle haƙora ne da yatsu da ƙasusuwan tsuntsaye da ƙananan ƙoƙunan kai, dukkansu farare fes. Na sayi sarƙa mai turmin haƙori guda ɗaya da 'yan kunne masu siffar hannu, kuma yau wata huɗu ke nan ina sa su.

Aikin haƙorin ya kai a yaba. An fitar da saiwoyinsa uku, an yi masa ramuka a sama kamar na gaske, sannan an ɗiga ruwan zinariya a gefe ɗaya. Idan aka ɗaga shi a rana, haske yana ratsa bakinsa, wanda alama ce ta tangaran na ƙwarai da aka yi da farar laka aka gasa da zafin da ya wuce digiri 1,200. Wannan gashi shi ya sa gumi da laimar Jidda ba su taɓa launinsa ba ko kaɗan.

Ranar da na fara sa shi, gwaggona ta riƙe baki ta ce, "A'uzu billahi, 'yar nan, haƙorin wa kika rataya?" Na ce, "Gwaggo, ai ke ma haƙorin Makka ne a bakinki." Ta yi dariya, amma ba ta yarda ba. A ganina nan daɗin abin yake, domin tangaran a wurinmu kayan jeren amarya ne, abin da ake gogewa a adana a kabet, sai ga shi an ƙera abin da ke tuna wa mutum kabari da shi. Turawa sun daɗe da irin wannan ado, musamman bayan mutuwar mijin Sarauniya Biktoriya a 1861, lokacin da kayan makoki na baƙin dutse da na gashin mamaci suka zama yayi a Ingila. Mu ma ba baƙi ba ne a nan, tunda wuri da muke yi wa yara ado da shi ƙwanson mataccen abin ruwa ne, kuma daga sunan wuri a harshen Italiya Turawa suka samo sunan tangaran.

Duk da haka ban ɗauki ƙoƙon kai ba, ban kuma ɗauki mai siffar ido ba, domin a ƙasar nan wanda ya gan shi zai iya ɗauka laya ce, kuma ba magana ce da nake son ta biyo ni masallaci ba.

Inda shagon ya gaza shi ne ƙarfen. Sarƙar ta fara yin baƙi tun kafin wata biyu, har sai da na sauya ta da ta azurfa, alhali kuɗin da na biya bai kamata a haɗa shi da ƙarfe mai rini ba. Ɗan kunne ɗaya kuma ya faɗi a kan tayil, ƙaramin yatsansa ya ɓalle, da na koma aka ce ba a gyarawa. Wadda ta saba sayen gwal don ajiya ta sani cewa wannan ba kadara ba ce, babu mai awo da zai karɓa a hannunta ranar buƙata. Ina ba da shawarar a sayi haƙorin, a nemi a cire kuɗin sarƙar tun a wurin ciniki, a kuma bar musu 'yan kunnen sai dai idan ɗakin shimfiɗe yake da kafet.